Kariyar Indiya: Tarihin Dabarar Da Ta Koya Wa Baƙi Haƙuri A Fagen Dara

Duk wanda ya san darar Turawa, wato wasan nan da Larabawa ke kira shaɗaranj, ya san cewa tun kafin a taɓa ɗa ko ɗaya akwai ɗan rashin daidaito a cikinta. Mai fararen 'ya'ya shi ke fara taku, mai baƙaƙe kuwa sai dai ya jira ya ga abin da aka yi sannan ya mayar da martani. Wannan taku ɗaya tak da Fari ya riga Baƙi shi ne ya haifar da muhawarar da aka fi shekara 100 ana tafkawa tsakanin gwanayen wasan. Shin Baƙi ya riƙa kwaikwayon Fari ne ƙafa da ƙafa har ya kamo shi, ko kuwa ya bar shi ya yi ta gaba, shi kuma ya ɗana masa tarko?

Amsa ta biyun ita ce aka sani da suna Kariyar Indiya ta Ɓangaren Sarki, kuma tarihinta ne za mu bi. Labari ne na dabarar da aka raina, aka ɗaukaka, aka sake yasarwa, amma ta ƙi mutuwa.

Allo da 'ya'yansa

Saboda mai karatu da bai saba da wasan ba, allon yana da gidaje 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Layukan tsaye ana kiransu da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da sunansa, kamar e4 ko g7. Kowane ɓangare yana da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, doki biyu, giwa biyu, da dakaru takwas a sahun gaba. Giwa a karkace take tafiya, kuma ba ta barin launin gidan da ta fara har a tashi. A ƙiyasin 'yan wasa, doki ko giwa sun kai darajar dakaru uku, hasumiya biyar, sarauniya tara.

Gidaje huɗu na tsakiyar allo, d4, e4, d5 da e5, su ne kasuwar gari. Duk ɗan da zai tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan sai ya ratsa ta nan ko kusa da nan. Rigimar da za mu ba da labarinta duk a kan waɗannan gidaje huɗu take.

Daga Kalkata aka faro

A Indiya aka haifi wasan wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa zuwa ga Larabawa, daga nan ya shiga Turai. Turawa sun sauya masa dokoki, ciki har da bai wa dakare damar tsallake gida biyu a takunsa na farko. A Indiya kuwa an daɗe ana bin tsohuwar doka ta gida ɗaya. Wannan ɗan bambanci ya sa 'yan wasan Indiya ba su saba da rugawa tsakiya da dakaru ba. Abin da suka saba shi ne su ɗaga dakaren gaban doki gida ɗaya, su cusa giwa a gurbin da ya bari, ta zauna a lungu tana hangen allo daga wannan kusurwa zuwa waccan.

A shekarar 1848 wani lauya ɗan Sikotilan mai suna John Cochrane, wanda ke aiki a Kalkata kuma yana cikin fitattun 'yan wasan Birtaniya na lokacin, ya haɗu da wani mutumin Bengal mai suna Moheschunder Bannerjee. Sun shafe shekaru suna karawa, kuma Cochrane ya rubuta ɗaruruwan wasannin da suka yi. A cikin waɗannan rubuce-rubuce ne aka ga Bannerjee, idan yana riƙe da baƙaƙe, yana fara fito da doki zuwa f6, ya kai giwa g7, ya bar wa Bature tsakiya ya cika ta da dakaru. Har a wani wasa na 1855 an ga shirin da sai bayan shekaru kusan 70 aka laƙaba masa sunan wani Bature, wato Grünfeld.

A Turai, Bajamushe Louis Paulsen ya gwada irin wannan shiri a Leipzig a 1879, kuma a 1884 wata mujallar dara ta Ingila ta yi amfani da sunan Kariyar Indiya. Amma abin bai karɓu ba. Manyan gwanaye sun ɗauke shi wasan waɗanda ba su san ƙa'ida ba.

Dokar Likita Tarrasch

Dalilin rainin shi ne akwai ƙa'idar da ta yi kaka-gida a wancan zamani. Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko tun daga 1886, shi ya fara tsara wasan a matsayin ilimi mai dokoki. Wanda ya yaɗa wannan ilimi ga jama'a kuwa shi ne Siegbert Tarrasch, likita a birnin Nuremberg, wanda har aka yi masa laƙabi da malamin Jamus. A ganinsa, wanda ya mamaye tsakiya da dakaru shi ke da fili, mai fili shi ke da 'yancin motsi, wanda kuma aka matse a gida to cutar da za ta kashe shi tana jikinsa. Saboda haka idan Fari ya tura dakare d4, wajibi ne Baƙi ya tare shi da nasa a d5.

Ba a ce Tarrasch bai da gaskiya ba. Dubban ɗalibai sun koyi wasa mai tsafta daga littattafansa. Matsalar ita ce, da kowa ya haddace darasi ɗaya, sai wasannin manya suka fara kama da juna, canjaras ya yi yawa, har wasu suka fara tsoron cewa wasan ya kusa ƙarewa.

'Yan tawaye

Wanda ya fara fito-na-fito da likitan shi ne Aron Nimzowitsch, haifaffen Riga a 1886. Tun 1913 ya rubuta maƙala yana sukar koyarwar Tarrasch, kuma gabar da ke tsakaninsu ta wuce ta allo, ta zama ta zuciya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wasu samari suka bi sahunsa: Richard Réti, Gyula Breyer na Hangare wanda ya rasu a 1921 yana da shekara 28 kacal, Ernst Grünfeld na Biyana, da Savielly Tartakower.

Hujjarsu mai sauƙin faɗi ce. Zama a tsakiya daban, mallakar tsakiya daban. Dakare ba ya komawa baya, don haka duk takun da ya yi gaba ya bar gidaje a bayansa da ba zai sake tsare su ba. Idan Fari ya jera dakaru a tsakiya, to ya ɗaukar wa kansa nauyin ciyar da su da kare su. Baƙi na iya tsayawa daga nesa da giwa da doki, ya jira su yi nisa da gida, sannan ya sare su ta gefe.

Sakamako ya fara goyon bayansu. A 1922 Grünfeld ya doke Alexander Alekhine a Biyana da kariyar da ke ɗauke da sunansa. A 1923 ɗan Ingila Frederick Yates ya doke Alekhine ɗin dai a Karlsbad da Kariyar Indiya ta Ɓangaren Sarki. A 1924 kuma, a birnin New York, Réti ya yi amfani da wannan tunani yana riƙe da farare ya kayar da zakaran duniya José Raúl Capablanca, wanda rabonsa da faɗuwa a gasa tun 1916. A 1925 littafin Nimzowitsch mai suna Mein System ya fara fitowa, tawaye ya zama makaranta.

Duk da haka, a cikin 'ya'yan gidan Indiya, ta ɓangaren sarki ita ce aka fi yi wa kallon hadarin kaji. An yarda da wadda ke ɗauke da sunan Nimzowitsch domin tana hana Fari kafa dakare a e4. Ita kuwa wannan ba ta hana komai. Cewa take yi bismilla, ga fili ga mai doki.

Yadda shirin yake

Taku biyar Baƙi ke yi kusan ba tare da duban abin da Fari ke yi ba: doki zuwa f6, dakare zuwa g6, giwa zuwa g7, dakare zuwa d6, sannan ya shigar da sarki lungu a bayan giwa. Kafin ya gama, Fari ya jera dakaru uku a c4, d4 da e4. Wanda ya leƙo a wannan lokaci zai rantse Baƙi ya makara.

Ƙarfin shirin na farko shi ne sassauci. Ko Fari ya buɗe da dakaren d4, ko na c4, ko da doki zuwa f3, Baƙi na iya gina gidansa iri ɗaya. Bugu da ƙari bai bayyana niyyarsa ba. Bayan taku biyu yana da zaɓin ya juya zuwa kariyar Grünfeld. Bayan taku biyar yana da sara iri biyu a hannu, ko ya doki d4 ta e5, ko ya doke shi ta c5, kuma sai ya ga inda Fari ya ajiye 'ya'yansa kafin ya zaɓa. Fari ya riga ya nuna hannunsa, Baƙi bai nuna ba.

Ƙarfi na biyu ita ce giwar g7. Tana kallon dogon layin da ya ratsa e5 da d4 har zuwa kusurwar a1. Ko a rufe take, barazana ce. Misali, idan Baƙi ya tura dakare e5, da alama Fari zai iya cinye shi kyauta bayan an yi musayar dakaru da sarauniyoyi. Amma da zarar dokin Fari ya ci e5, sai dokin Baƙi ya tashi daga f6 ya ci e4, tashin nasa kuma ya buɗe wa giwa hanya kan dokin Fari. An yi biyan bashi nan take.

Daga nan Fari ke fuskantar tambayar da babu gudu: ya ci, ya tura gaba, ko ya bar abin a yadda yake? Kowace amsa tana haifar da wasa daban, kuma kowanne yana da gwaninsa a tarihi.

Samarin Kiev

Waɗanda suka wanke wannan kariya daga zargi 'yan Yukren ne na zamanin Tarayyar Sobiyet: Alexander Konstantinopolsky, Isaac Boleslavsky, da ɗalibin na farkon, David Bronstein, wanda ya tashi a Kiev. Daga baya Efim Geller na Odessa ya shigo cikinsu.

A 1946 aka yi karawa tsakanin biranen Mosko da Prague. A nan Bronstein, yana ɗan shekara 22, ya yi wasanni biyu da suka sauya ra'ayin duniya, ɗaya da Luděk Pachman, ɗaya da František Zíta. A duka biyun ya yi abin da Tarrasch zai kira saɓo. Ya ci dakaren d4 da nasa na e5, wato ya sallama tsakiya gaba ɗaya, ya bar dakarensa na d6 tsirara ba mai tsare shi sai manyan 'ya'ya. Amma ribar da ya samu ita ce layin giwarsa ya buɗe, dawakinsa sun sami wuraren tsayawa, dakaren gefe na layin a ya yi ta tafiya har ya fasa wa hasumiya hanya. A duka wasannin biyu ya ba da hasumiya sukutum a madadin giwar Fari da ke kusurwar a1, domin ya kawar da kishiyar giwarsa. Da ta tafi, sai baƙaƙen gidajen allo suka zama nasa, gidan Fari ya rushe kafin ya sami sukunin taɓa d6 ɗin da ake ta cewa rauni ne.

Darasin da aka ɗauka shi ne, rauni ba rauni ba ne sai in abokin gaba ya sami lokacin kai masa hari. Boleslavsky da Bronstein suka yi kunnen doki a saman gasar tantance mai ƙalubalantar zakara a Budapest a 1950. Bronstein ya yi nasara a karon raba gardama, kuma a 1951 ya tashi 12 da 12 da Mikhail Botvinnik, wanda hakan ya bar kambun a hannun Botvinnik bisa doka.

Tseren Mar del Plata

Idan kuwa Fari ya zaɓi tura dakarensa zuwa d5, sai tsakiya ta kulle. Dakarun Fari suna d5 da e4, na Baƙi suna d6 da e5, sun yi karo ba mai motsi. Nimzowitsch ya riga ya koyar cewa sarƙar dakaru daga gindi ake saranta. Gindin sarƙar Baƙi yana d6, don haka Fari zai tura dakare c5 ya fasa ta ɓangaren sarauniya. Gindin ta Fari yana e4, don haka Baƙi zai tura f5, sannan f4, g5, g4, wato ya kwashe dakarun da ke tsaron sarkinsa ya aika su yaƙi.

A nan ne wasan ke zama tsere, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya yana rusa gida a nasa gefen. Amma ladan ba ɗaya ba ne. Idan Fari ya riga, abin da zai samu dukiya ce, dakare ko hasumiya. Idan Baƙi ya riga, sarki zai kama, wasa ya ƙare. Wannan ne ya sa Baƙi kan bar ɓangaren sarauniyarsa ya ƙone ƙurmus bai waiwaya ba. Abin mamaki, a wannan tsari giwar g7 da ake taƙama da ita a kulle take a bayan dakarenta na e5. 'Yar'uwarta da ke zaune a c8, wadda sau da yawa ba ta ko motsa ba, ita ce makamin ƙarshe, domin ita ake sadaukarwa a h3 a fasa ƙofar sarki. Shi ya sa gwanayen Fari kan yi duk yadda za su yi su kawar da ita.

An sa wa wannan salo sunan Mar del Plata, wani gari a bakin teku a Ajantina, inda a 1953 Svetozar Gligorić na Yugoslabiya ya doke Miguel Najdorf da shi. Najdorf bai tsaya kuka ba. A cikin shekarar, a babbar gasar Zurich mai 'yan wasa 15 da wasanni 210, ya ɗauki makamin da aka sare shi da shi ya sari Mark Taimanov. Littafin da Bronstein ya rubuta kan wannan gasa har yau yana cikin waɗanda ake karantawa don fahimtar kariyar.

Fischer, Kasparov, da ranar da dara ta ci gida

A gasar ƙasashe ta Leipzig a 1960, Bobby Fischer na Amurka, yana ɗan shekara 17, ya nuna abin da ke samun mai haɗama. René Letelier na Chile ya tura dakaru har huɗu gaba, ya kori dokin Fischer ya koma e8. Fischer ya sare su ta d6 da c5, tsakiyar ta watse, sarkin Fari ya rasa mafaka, kuma a taku na 23 Fischer ya miƙa sarauniyarsa kyauta, Letelier ya miƙa wuya.

Masu riƙe da farare su ma ba su yi barci ba. Bajamushe Friedrich Sämisch ya bar musu tsarin tokare e4 da dakaren f3 domin su kai wa sarkin Baƙi hari tun kafin ya shirya. Tigran Petrosian, zakaran duniya daga 1963 zuwa 1969, ya ƙware a kulle tsakiya da wuri ya ɗaure dokin f6 da giwa, har Baƙi ya rasa numfashi. Viktor Korchnoi kuwa ya yi suna wajen cin ɓangaren sarauniya ya kuma tsira da sarkinsa.

Garry Kasparov, wanda ya hau karagar duniya a 1985, shi ya kai kariyar ƙololuwa, har ya yi amfani da ita a karawarsa ta kambu da Anatoly Karpov a 1990. Sai ga Vladimir Kramnik da wata dabara mai sauƙi. Tunda tsere ake yi, me zai sa a ɓata lokaci? A taku na 9 sai ya tura dakare b4 kai tsaye don gaggauta c5, kuma idan Baƙi ya tura f5, dokin Fari ya yi tsalle zuwa g5 ya nufi e6, gidan da turin f5 ya bari ba tsaro. Ko da Baƙi ya kashe dokin, da giwar c8 zai kashe shi, wato ya rabu da makaminsa na ƙarshe. Hujjar da 'yan tawaye suka kafa a kan Tarrasch, cewa dakare ba ya komawa baya, ita ce aka juya a kansu. Kramnik ya doke Kasparov da wannan salo a Novgorod a 1997, kuma daga nan Kasparov ya janye jiki daga kariyar. Da jagora ya ajiye makami, mabiya da yawa suka bi shi.

Zamanin kwamfuta

A shekarar 1997 ɗin dai na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Kasparov, zamani ya juya. Manhajojin dara na kwamfuta, da suka fi kowane ɗan Adam ƙarfi, sun nuna suna son fili kamar yadda Tarrasch ke so, kuma galibi sukan ba Fari fifiko a wannan kariya. Na'ura ba ta jin tsoro. Dakaru huɗu na tunkarar sarkinta, za ta lissafa ta ga akwai mafita guda, ta bi ta. Wannan ya sa a karawar kambun duniya an fi komawa ga kariyoyi masu kaffa-kaffa.

Amma mutum ba na'ura ba ne, agogo na tafiya, zuciya na bugawa. Teimour Radjabov na Azarbaijan ya riƙe kariyar lokacin da kowa ya guje ta, kuma da taimakonta ya yi tarayya a matsayi na ɗaya a gasar Wijk aan Zee ta 2007. A 2010, a birnin Bursa na Turkiyya, Hikaru Nakamura ya doke Boris Gelfand a irin tseren nan na Mar del Plata, yana barin sarauniyarsa a bakin kura sau da dama ba a sami sukunin ɗaukarta ba. Har yau idan gwani yana riƙe da baƙaƙe kuma canjaras ba zai ishe shi ba, wannan kariya tana cikin abin da yake fara tunawa.

To wa ya yi gaskiya tsakanin likitan Nuremberg da 'yan tawaye? Tarihi ya raba musu. Fili yana da daraja, kuma wanda ya bayar da shi ya ci bashin da dole ya biya da kuzari, in ya yi sanyin jiki taku biyu ko uku a matse shi har lahira. Amma fili kaya ne, mai shi ma sai ya iya ɗauka. Ɗalibin da zai koyi wannan kariya ba haddar taku zai fara da ita ba. Zai fara ne da sanin yaushe ake sara ta e5 da yaushe ake sara ta c5, wace giwa ce ba a rabuwa da ita, da kuma wane gefe ne nasa idan tsakiya ta kulle.

Shi kuwa Moheschunder Bannerjee, ba a sa wa ko ɗaya daga cikin manyan kariyoyin sunansa ba, sunan ƙasarsa kawai ya rage a jikinsu. Ƙasar tasa ta jira har Viswanathan Anand ya riƙe kambun duniya daga 2007 zuwa 2013, sannan a watan Disamba na 2024 Gukesh Dommaraju, ɗan shekara 18 daga birnin Chennai, ya sake mayar da shi gida.